Jitar Baba Istifanus a Ɗakin Gero

Tunda na dawo ba ku bar ni na huta ba. Kowa sai "Nazifi, ya Potiskum, ka ji harbi?" Habu ma cewa ya yi neman suna ne ya kai ni. To zan rubuta sau ɗaya a nan guruf, wanda ya ga ya yi masa tsawo ya wuce abinsa. Harbi dai ban ji ba. Abin da na ji daban ne, kuma har yau bai fita daga kunnena ba.

Ga mafarin, don waɗanda ba su sani ba. Akwai wata nas, Anti Rifkatu, da ke kawo mawaƙan cocinsu situdiyona. Babanta, Baba Istifanus, mutumin Filato ne, amma ya fi shekara talatin a Potiskum. Can ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, kuma yana kaɗa jita mai lantarki, a coci da wajen biki. Bara ta kawo shi Kano ganin likita, sai ta biyo da shi wajena. Na sa shi a ɗakina mai soso a bango don shanye amsa-kuwwa, na jona jitar kai tsaye cikin kwamfuta, na zaɓo masa sautin amfilifaya mafi kyau da nake da shi. Ya kaɗa, na kunna masa. Ya saurara har ƙarshe, ya cire abin kunnen a hankali ya ce, "Ɗana, ka iya aiki. Amma wannan ba jitata ba ce." Wai sautinsa yana wani ɗaki a Potiskum. Na ce a raina rigimar tsufa ce.

Ranar Talata Anti Rifkatu ta kira ni. Ta ce sun matsa masa ya koma gida Filato saboda halin da ake ciki, ya yarda da ƙyar, motar kaya za ta zo ranar Asabar. Ta ce ba su da ko rikodin ɗaya na kiɗansa, kuma ya rantse ba zai kaɗa wa makirfo ba sai a ɗakin nan. In Asabar ta yi ba a ɗauka ba, shi ke nan. Na ce wa Hajiyarmu Azare zan je aiki. Ban yi ƙarya duka ba, ai na bi ta Azaren.

Laraba da safe na shiga mota. Kayana: laftof, akwatin sauti, makirfo biyu da ƙafafunsu, wayoyi cikin jaka, da soso falle huɗu a naɗe, don kun san ni da soso. Wata mata da ke kusa da ni ta dubi naɗin ta ce, "Samari, katifar amarya ce haka ba kauri?" Na ce ta bango ce. Ta ce Allah ya kyauta, Kanawa har bango suna yi wa shimfiɗa.

Har Azare ba wani labari. Daga nan ne direba ya kashe rediyo ya ce, "Jama'a, in mun zo shinge kar wanda ya ɗaga waya, ko uwarka ce ke kira." Kowane shinge a sauka, a taka da ƙafa hannu a sama, mota ta biyo baya. Ni da ban saba ba idona na kan sojoji. Mutanen motar kuwa hannu a sama suna ci gaba da hirar farashin wake.

A shingen shiga Yobe aka buɗe jakata. Ku yi tunani: baƙin akwati mai maɓallai, wayoyi a nannaɗe, ƙarafa biyu. Na waiga na ga duk ’yan motarmu sun ja da baya, har mai maganar katifa. Sojan ya ce mene ne wannan, na ce kayan ɗaukar waƙa. Ya ɗauki makirfo ɗaya ya juya shi ya ce in sa ya yi magana. Na ce ranka ya daɗe ba ya magana sai da wuta. Ya kalle ni, ya kalli makirfon, sai ya kai bakinsa ya rera wani abu da yarensu, layi ɗaya, da murya mai daɗi wallahi. Ya miƙo min ya ce da gurguwar Hausa, "Tafi. Ka yi shi da kyau." Da muka koma mota matar nan ta ce dama ita ta san yaron kirki ne ni.

Da muka shiga Potiskum na dace da ranar kasuwar shanu. Jama'a, in ba ka gani ba ba za ka gane ba. Ƙaho ne iya ganinka, tireloli a jere ana lodi zuwa kudu, dillalai na ciniki da yare uku a lokaci guda. Ni da na zo ina tsammanin gari a mace, sai ga shi a tsaye da ƙafarsa. Acaɓa babu, an hana. Na ce a kira min adaidaita, aka yi min dariya, su napep suke cewa. Hausarsu kuma kowa da tasa, wani ya ja ta, wani ya datse ta, amma duk ana fahimtar juna. Abu ɗaya na lura: kowa yana duba rana. Tun la'asar ake fara haɗa kaya saboda dokar hana fita.

Mai napep ya sauke ni a Dogo Tebo. Baba Istifanus na ƙofar gida yana jirana, shi da wani dattijo dogo mai tsagen Barebari, sanda a hannu. Shi ne Alhaji Modu, ɗan kasuwar hatsi da fata, maƙwabcinsa katanga ɗaya. Ashe ɗakin da ake ta magana ma ba na Baba ba ne, na Alhaji ne, a jikin gidansa yake, ya ba shi aro tun suna da baƙin gashi.

"Wannan ne injiniyan?" in ji Alhaji. "Istifanus, ai ɗan yaro aka turo maka."

"Yaro ne, amma ya fi ka jin kiɗa."

"Kowa ma ya fi ni. Ni ba na jin kiɗa. Shekara talatin yana damuna da ƙarar ƙarfe, na haƙura don haƙƙin maƙwabtaka."

A gidan Alhaji aka sauke ni, tunda gidan Baba duk an ɗaure kaya. Ɗakin baƙi sai ƙamshin turaren wuta, har rigata ta kwana uku tana yi. Aka kawo burabusko da miyar yakuwa, nama a kai kamar ana fushi da shi. Mu a Kano sai ka yi tono kafin ka ga tsoka, can kuwa sai ka ture nama kafin ka ga abinci. Na ci na ce na ƙoshi, Alhaji ya ce ba a ƙoshi a gidansa sai shi ya faɗa. Dattawan nan biyu a kwano ɗaya suke ci, Baba ya yi addu'arsa, Alhaji ya yi bisimillarsa, su sa hannu, ana ci ana tsiya. Ba wanda ya ambaci Asabar.

Alhamis da hantsi aka buɗe ɗakin. Tsohon soro ne mai rufin azara, dogo, an shafe cikinsa da siminti. Fes, an share, ba komai a ciki sai benci ɗaya. Na tafa hannu sau ɗaya kamar yadda muka saba, na ji tafin ya yi ta karakaina tsakanin bango da bango, yana wani zirrr kamar an ja zare a faranti. Na ce a raina, wannan ne ɗakin da aka taso ni tun daga Kano dominsa?

Aka kai janareta can bayan gida da doguwar waya don kar ƙararsa ta shigo. Baba ya shigo da amfilifayarsa, tsohuwa irin mai kwalabe a ciki, wadda sai ta yi zafi take magana. Ya ajiye, ya jira, ya ɗaura jita, ya kaɗa.

Ba daɗi. Sautin sama yana sukar kunne, na ƙasa kuma yana gurnani ya cika ɗakin, kafin wannan ya mutu wancan ya hau kansa. Baba ya tsaya. Ya murɗa maɓalli, ya sake. Ya canja waya. Ya canja tsirkiya biyu. Duk ɗaya.

Sai na ce to ga ranar sosona. Na manna shi a bango huɗu, na kafa makirfo dab da bakin sifika don ya ɗauki amfilifaya kawai ya ƙyale ɗakin. Sukar kunnen ta ragu, gaskiya. Amma gurnanin yana nan daram, don siririn soso ba ya kama sautin ƙasa, kamar ka tare bijimi da gidan sauro ne. Abin da makirfon ya ɗauka kuma ya fito a bushe, a matse, irin dai na Kanon da ya ƙi. Muka yi ta fama har la'asar.

Daga ƙarshe Baba ya jingine jitar ya zauna a benci yana kallon hannuwansa, ya juya su gaba da baya.

"Ɗana, bar shi. Ba injinka ba ne. Wata biyu ban kaɗa a nan ba, tun da aka fara maganar tafiya. Hannun ne ya riga ni tafiya."

Na ce Baba hannunka lafiya lau, ɗakin ne. Ya ce ɗakin da ya sani shekara talatin? Bangon nan ne, rufin nan ne. Ya tashi ya fita. Ran nan bai zo cin abinci ba. Alhaji ya zauna gaban kwano, ya ci loma biyu ya rufe. Ni kuma Anti Rifkatu na ta kira ina kallon wayar, ban ɗauka ba.

Juma'a da sassafe na koma ɗakin ni kaɗai don in kwashe sosona. Ina ɓamɓarowa sai na lura da wani abu: bangon kala biyu ne. Daga ƙasa zuwa kafaɗata ya fi haske, daga nan zuwa sama ya yi duhu, layi a miƙe kamar an ja. A jikin azara ga ƙusoshi a jere da guntayen igiya. Na duƙa a lungu, na tsinci ƙwayar gero uku da tsintsiya ta bari.

Na sami Alhaji a ƙofar gida yana shan shayi. Na ce, "Alhaji, don Allah me ke cikin ɗakin nan da?"

Ya kau da kai. "Tarkace ne."

"Wane irin tarkace?"

"Gero. Dawa kaɗan. Fatu a sama." Ya kurɓi shayi. "An ce injiniya zai zo daga Kano da na'ura mai tsada. In bar baƙo cikin ƙura da warin fata? Ranar Talata na sa aka kwashe aka wanke."

Wato karamci aka yi min. Kuma mutumin kirki ba ya faɗa wa baƙo wahalar da aka sha dominsa, shi ya sa ba wanda ya ce min komai. Baba ya ga an kwashe, har godiya ya yi, don shi a tunaninsa sirrin yana jikin bango ne.

Na yi musu bayani su biyun yadda zan iya. Na ce abin da kunne ke ji ba daga sifika kaɗai yake fitowa ba. Rabi daga sifika, rabi ya bugi bango da ƙasa da rufi ya dawo. In bango siminti ne tsirara suna kallon juna, sai sautin ya yi ta kai da komo yana cin kansa. Buhun gero kuwa nauyi gare shi da kauri, yana shanye gurnanin da sosona ya kasa. Fata a rataye ba ta miƙe ba, tana warwatsa sautin sama maimakon ta dawo da shi kamar mari.

Baba ya dubi Alhaji ya ce, "Modu, ashe kai ka kwashe min hannu."

"Ni na san gero na kiɗa? Da na sani ai da na ƙara masa kuɗi."

Yana tsiyar amma ya riga ya miƙe. Kayan suna wani shago a tsallaken layi. Kafin ƙarfe tara ’yan dako da maƙwabta sun yi layi, buhu a ka, ana ta shigowa. Wani mahauci da ke wucewa ya tambaya ko Alhaji ya fasa sayarwa ne, aka ce masa a'a, na jita ne. Sai ya ajiye tirensa ya ɗauki buhu shi ma.

Ni da zumuɗi na ce a shigo da duka. Aka cika bango huɗu har kusan rufi, aka zube fatun a ƙasa. Na tafa hannu, tafin ya mutu nan take. Baba ya kaɗa layi biyu ya ɗago.

"Yanzu ta zama ta Kano."

Haka ne kuwa. Gurnani ya tafi, amma ran ma ya tafi, kamar mutum yana magana cikin bargo. Ga lokacin masallaci na matsowa, ga ’yan dako sun gaji, ni kuma dabara ta ƙare min. Na san a rage, amma nawa, ta ina? In za a yi ta gwaji buhu-buhu sai mu kai Asabar.

Alhaji yana zaune a kujerarsa ta katako a bakin ƙofa daga waje, bai ma juyo ba ya ce, "Ku kwashe na bangon gabas duka. Na yamma ku bar shi iya kafaɗa. Jitar ba ta daɗi da kaka in ɗaki ya cika, ba ta daɗi da damina in ya kusa ƙarewa. Sai tsakiyar rani, in rabin kaya ya fita. Fatun kuma ba a ƙasa suke ba, ku mayar da su kan ƙusa. Akwatin nasa ku ɗora a benci, ku janye shi daga lungu. Ƙofa kuma ba a rufe ta duka, ana barin kamar tafin hannu."

Baba ya leƙo.

"Kai da ba ka jin kiɗa?"

"Kayana nake gadi. An bar mutum da ƙarfe cikin hatsina, ba zan zauna a ƙofa ba?"

Aka yi yadda ya ce, muka tafi masallaci, Baba ya tsaya rataye fatu da wani maƙwabci. Da muka dawo na kafa makirfo ɗaya kusa da sifika, ɗan gefe kaɗan. Na biyun, na ɗaukar ɗaki, shi ne aiki. Na toshe kunne ɗaya ina zagayawa Baba yana kaɗawa, ina neman inda sautin ya haɗu. Tsakiya ba laifi, lungu ya yi nauyi. Ina cikin haka na ji an taɓa ni da sanda. Alhaji ya tashi daga kujerarsa.

"Injiniya, zauna nan."

Na zauna, daidai inda ƙofar ta bar tafin hannu.

Ban san yadda zan rubuta muku wannan ba. Shekara shida ina aikin nan, kun san yawan sautin jita da ke cikin kwamfutata. Ban taɓa jin irinsa ba. Kowace tsirkiya ta fito da kanta, a zagaye, da ɗumi, sai ta ɗan tsaya a iska kamar tana tunani kafin ta tafi. Ƙasan yana nan cike amma bai danne komai ba. Ba ka ce daga akwati yake fitowa ba, sai ka ce ɗakin ne gaba ɗaya ke numfashi. Na tuna abin da na ce a raina a Kano, rigimar tsufa, kunya ta kama ni. A nan na kafa makirfo na biyu, kusa da kujerar, na roƙi Alhaji ya koma mazauninsa don shi ma jikinsa yana cikin lissafin.

Baba ya rufe ido ya fara. Kiɗa bakwai ya yi a jere, biyu kawai muka maimaita. Mutanen layin suka taru a waje, ba mai magana, mata daga soro, mahaucin nan ya dawo ya tsuguna. A garin da ƙara mai ƙarfi ke sa kowa ya nemi ƙofa, ran nan ƙara ce ta tara su. Muka gama saura kaɗan a fara haɗa kaya saboda dokar hana fita.

Na sa wa Baba abin kunne na kunna masa na farko. Ya saurara har ya ƙare. Sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ita ce." Ya goge ido da bayan hannu, ya ce ƙurar gero ce.

Ni kuma da na saurara da kyau sai na ji wani abu a makirfo na biyu. Wani ƙwas, ƙwas, ƙwas a hankali, tun daga farko har ƙarshe, bai taɓa kuskure ba. Sandar Alhaji ce a kan dandamalin ƙofa. Na ce Baba ka yi haƙuri, in na koma Kano zan san yadda zan rage shi.

Ya riƙe hannuna, ya leƙa ya ga Alhaji ya tafi alwala, sannan ya rage murya.

"Kar ka taɓa. Ni ban taɓa samun mai ganga ba a garin nan. Da sandar nan nake riƙe lokaci tun shekara talatin. Bai san ina ji ba."

Asabar da safe motar kaya ta zo. Ban tsaya kallon sallamarsu ba, na ga ba hurumina ba ne, na shiga ɗaki ina naɗe waya. Sosona na bar wa matan gidan, sun ce zai yi wankin kwano. Da zan hau napep Alhaji ya biyo ni da ƙunshin kilishi, ya tura min wani ƙaramin memori a hannu, ya ce in sa masa abin da aka ɗauka, wai jikokinsa ne ke so. Na buɗe laftof a kan gwiwa na sa masa duka bakwai.

Jiya ya kira ni. Bayan gaisuwa ya ce, "Injiniya, akwai wani ƙwas-ƙwas a cikin abin nan. Injinka ne?"

Na ce e, Alhaji, injina ne.

Ya ce, "To. Ka bar shi haka, ba ya damun yaran."